Yini a Kwari: Yadda Ake Fita Shan Iska a Ƙasar Gure Kafin Bazara Ta Kankama

Baƙon da ya sauka a tashar Gure yana tambayar ina lambun shaƙatawar garin yake, mai ƙofa da mai gadi da kujerun siminti da lilon yara, murmushi za a yi masa. In an so a kyauta masa, a nuna masa inuwar dogon yaro inda samarin wata fada suke dafa shayi. Wurin shan iskar mutanen wannan ƙasa yana bayan gari, kuma sai an sha rairayi kafin a kai gare shi. Ka yi ta hawa tudu kana gangarawa, ba abin da kake gani sai kalimbo da ƙarangiya da tumfafiya jefi-jefi, har ka fara zargin jagoranka ya ɓata. Sai ka hau wani tudu da bai bambanta da sauran ba, ka ga ƙasa ta lotsa a gabanka kamar an danna ta da gindin ƙwarya, cikin lotsawar kuma kore shar: goruba, dabino, rogo, rake, can tsakiya wani fari fat yana ƙyalli. Wannan shi ne kwari. Irinsa suna da yawa ƙwarai tsakanin Gure da Maine Sorowa, a ƙasar Manga, kuma yini ɗaya a cikin ɗayansu ya fi mini yawancin lambunan birni da na taɓa biyan kuɗi na shiga.

Sai dai abu biyu ne suke mulkin wannan fita, rana da mai wuri. Duk sauran shirin da zan faɗa a ƙarƙashinsu yake.

Mu fara da ranar. Ƙasar Gure ba ta da dogon lokaci mai daɗin fita. Daga Disamba zuwa farkon Fabrairu sanyin asuba yana tsinke yatsu, iskar hunturu kuma takan taso da ƙura har ka kasa ganin tudun da ke gabanka. Afrilu da Mayu kuwa zafi yana wuce digiri 40 kusan kullum, rairayi ya zama kamar kaskon tuya. Tsakaninsu akwai wata 'yar taga, daga tsakiyar Fabrairu zuwa ƙarshen Maris, lokacin da sanyi ya saki jiki, bazara kuma ba ta gama miƙewa ba. Lambunan rani suna cike a lokacin, tumatir da albasa da kabeji sun nuna, tsuntsayen da suka zo cin rani daga Turai ba su gama komawa ba, gawo kuma, wanda yake yin ganye sa'ad da sauran itatuwa suke zubarwa, yana da cikakkiyar inuwarsa. Wanda ya rasa wannan taga bai rasa fita ɗungurungum ba, amma dole ya gutsure ta: ko daga asuba zuwa hantsi, ko daga la'asar zuwa magariba. In ka ga shamuwa ta dawo ta fara gyaran sheƙa a kan itatuwan gari, to damina ta kusa, kuma tsakar rana a waje ta zama ta masu dole kaɗai.

A 'yan shekarun nan azumi yana faɗowa cikin wannan tsakani. Kada mai azumi ya ɗauki yini sukutum a kwari, musamman da yara masu koyon azumi. Ya fita bayan la'asar da kayan buɗa-baki zuwa wuri na kusa, ko ya jira kwanakin ƙaramar Sallah, lokacin da kowa ma yake neman inda zai kai iyali. Abu na biyu game da wannan lokaci shi ne sanƙarau, wanda yakan yi yawa a watannin ƙura da zafi. Ranar da gari ya tashi da hazo mai kauri, a ɗage fitar. Ba za ka ga komai ba, yara kuma su wuni suna shaƙar ƙura.

Kwaruruka ba iri ɗaya ba ne, kuma abin da ya raba su shi ne zurfin ruwan ƙasa. Akwai wanda ruwansa yana sama, har ya yi tafki ko dausayi a tsakiya. Nan ne ake samun kore sosai da tsuntsaye da rake da ayaba. Akwai na tsaka-tsaki, wanda ake tarar da ruwa bayan haƙa gaba ɗaya ko biyu, mai dabino da lambuna. Akwai kuma wanda ruwansa ya yi nisa, ya zama sai goruba da makiyaya. Mai fita da iyali ya nemi na farko ko na biyu. Sunaye irin su Kilakina da Cago sanannu ne ga masu aikin gona da gandun daji a yankin, amma ban ba ka shawarar ka zaɓi wuri don ka ji sunansa ba. Kwarin da yake da ruwa bara yana iya ƙafewa bana. Ka shiga kasuwa, ka tsaya wurin masu sayar da rogo ko dabino ko tabarmar kaba, ka tambaye su daga ina suka ɗauko kaya. A nan za ka ji wane kwari ne yake raye a wannan shekara, kuma sau da yawa a nan za ka sami wanda zai ce maka, “Ai garinmu ne, ku zo.”

Wannan gayyata ita ce tikitinka, domin da ɗan gari akan ci gari. Kwari ba dajin Allah ba ne da kowa zai shimfiɗa tabarma inda ya ga dama. Kowane dabino yana da mai shi, wani ma gado ne na mutum biyar. Kowace rijiya akwai wanda ya haƙa ta. Har filin kanwar tsakiya akwai masu haƙƙi a kansa. Mazauna galibi Mangawa ne, ga Fulani da Tubawa da Buzaye masu zuwa shayar da dabbobi, kuma kusan kowa yana jin Hausa. Duk da haka, “wushe” ɗaya da ka furta da Barbarci, harshen Mangawa, tana buɗe fuska. In ba ka da kowa a wurin, ka ɗauki jagora daga Gure, ku yanke ladansa tun kafin a tashi, kada a bar shi sai an dawo. Kuma ka fara biyawa ta ƙofar bulama, wato mai garin, da ɗan goro ko ƙunshin shayi da sukari. Ba ya ɗaukar minti goma. Ka gaishe shi, ka faɗi daga ina kuke, ku nawa ne, kuma yini kawai kuka zo yi. Daga wannan lokaci kun zama baƙinsa, in wani abu ya faru akwai wanda ya san da ku.

Kayan tafiya kuwa, ruwa ne farko, ruwa ne na biyu. Ni ina lissafa lita 5 ga kowane babba don sha kaɗai, ban da na alwala da shayi da wanke hannu, sannan in ƙara jarka ɗaya da ba a taɓa ta sai in mota ta lalace. Kada ka dogara da rijiyar kwari. Wasu ruwansu daɗi gare shi, wasu kuwa kanwa ta yi musu yawa, cikin da bai saba ba zai ba da labari kafin la'asar. Jarkar da aka naɗe da buhun algarara aka jiƙa, aka rataye a inuwa inda iska take bugawa, tana sanyaya ruwa kusan kamar salka. Ka sa sukari da gishiri a jaka ko da ba don shayi ba: in wani ya galabaita ko gudawa ta kama yaro, lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, ƙaramin cokali shida na sukari, rabin ƙaramin cokali na gishiri, a riƙa ba shi kaɗan-kaɗan.

Tufafi masu faɗi, masu haske, na auduga. Rawani ko mayafi ya fi hula amfani, don yana rufe wuya da hanci in iska ta taso. Takalmi kuwa a nan mutanen birni suke yin kuskure. Silifa tana da daɗi a rairayin safe, amma da hantsi rairayin yana ƙona gefen ƙafa, ƙayar aduwa kuma tana huda ta kamar takarda. Takalmi rufaffe ya fi, sai dai kada a haɗa shi da safa mai gashi ko wando mai jan ƙasa, don ƙarangiya ta bushe a wannan lokaci kuma ba ta da aiki sai jiran irin wannan. Wanda bai taɓa zama yana cire ƙarangiya ɗaya-ɗaya daga zanen yarinya mai kuka ba, bai san abin da nake faɗa ba. Ka jiƙa yatsunka da ruwa kafin ka kama ta, tana rage shiga fata, ko ka tafi da ƙaramin mataji ka tsefe ta.

Abinci, a zaɓi wanda ba ya tsoron zafi: dambu, ƙilishi, cuku, burodi, soyayyen nama, gyaɗa. Fura da nono a sha su da wuri. Duk abin da aka yi da mayonez a bar shi gida. Tabarmi biyu ko uku, buta, ɗan murhun gawayi da gawayinka daga gari, kayan shayi, tocila ko da ba ku da niyyar kai dare, da buhu ɗaya fanko na kwaso shara. Kafin a tashi, a gaya wa wani a gida sunan wurin da lokacin dawowa, domin waya takan ɗauke da zarar an gangara bayan tuddai, wani lokaci sai ka hau ƙololuwar tudu kana ɗaga ta sama kafin ka sami layi.

Sammako shi ne rabin tafiyar. A yi sallar asuba a kama hanya. Rana tana fitowa wajen shida da rabi a wannan lokaci, ya kamata ta same ku kun riga kun bar kwalta. Dalilin ya wuce gudun zafi. Rairayin da ya kwana cikin sanyi yana da ɗan ƙarfi, taya tana hawa kansa. Da rana ta gasa shi sai ya saki, ya zama kamar gari. Na koyi wannan da jikina. Wata shekara muka tsaya jiran wani abokinmu da ya ce sai ya karya kumallo, ba mu bar gari ba sai wajen goma. Direban da muka ɗauka ya rantse ya san hanya kamar tafin hannunsa. A gindin wani tudu ya canza giya a inda bai kamata ba, motar ta tsaya, ya taka wuta, tayoyin baya suka haƙa wa kansu kabari har ƙarfen ƙasa ya zauna. Babu shebur, babu famfo. Da hannu da murfin tukunya muka yi ta tono har azahar, muna cusa rassan kalimbo a ƙarƙashin taya, sai da wani mai amalanken shanu ya zo wucewa ya tsaya yana kallonmu, ya ce, “Sannunku da aiki. Ku rage mata iska mana.” Muka rage, muka tura, ta fita kamar ba ita ba.

Don haka, mai mota kat-kat, wato mai ja da ƙafa huɗu, ya rage iskar tayoyinsa da zarar ya sauka daga kwalta, har sai ya ga cikin tayar ya ɗan baje. Ya riƙe shebur da famfon hannu da igiya. Ya hau tudu da gudu daidai ba tare da canza giya a tsakiya ba, in zai tsaya ya tsaya a kan gangara, hancin mota yana kallon ƙasa. In ta kafe, ya ɗaga ƙafa nan take, kada ya ƙara wuta. Mota biyu sun fi ɗaya. Babur yana shiga inda mota ba ta shiga, amma goyon mutum biyu a rairayi sai gwani, kuma salansa mai zafi ya sha ƙona ƙafar mata da yara. In kwarin na kusa ne, amalanke ba abin raini ba ne: ba ya kafewa, ba ya cin mai, yara kuma sun fi son sa da komai.

Da kun iso, a bar mota a waje, kafin zoben goruba, a shiga da ƙafa. A nan ne za ka iya ganin wasu shingaye a jikin tuddan da ke kewaye da kwarin, an kafa su layi-layi suna gittawa kamar gidan dara, na rassan kalimbo ko na goruba. Ba iyakar gona ba ce. Tarkon rairayi ne. Tun farin shekarun 1970 da 1980 tuddai da yawa suka tuɓe, ciyawar da ke riƙe su ta mutu, iska ta fara tura su cikin kwaruruka, suna binne dabino har wuya. Mutanen ƙauyuka, tare da ma'aikatan gandun daji da ayyuka irin su PLECO, wanda aka kafa musamman don kwarurukan Gure da Maine Sorowa, suka yi ta kafa waɗannan shingaye suna dasa itatuwa a cikin kowane gida, suna hana dabbobi shiga shekaru har ƙasa ta kama. Aikin wata da watanni ne a cikin rana. Mota ɗaya da ta ratsa, ko yara goma da suka mai da wurin filin zamiya, suna iya buɗe wa iska ƙofa. Yara za su so zamiya a kan rairayi, kuma ya kamata a bar su, don ba abin da ya fi shi daɗi a yinin. A tambayi mai wuri wane tudu ne ba a aiki a kansa. Kada kuma a zari ko reshe ɗaya daga shinge don hura wuta.

Sai sallama da mai lambu. Yawanci za ka same shi a bakin rijiya ko yana bin kwalbati da fartanya, ƙafafunsa sun yi fari da kanwa.

“Salamu alaikum. Baba, sannu da aiki.”

“Alaikumus salam. Lale, lale. Daga ina?”

“Daga Gure, Baba. Mun biya wurin bulama. Yara muka kawo su ga gari, in da inda za mu ɗan shimfiɗa tabarma.”

Zai dube ku, ya dubi yaran, ya nuna da haɓa. Inda ya nuna nan za ku zauna, ko da kun hango wata inuwar da ta fi. Shi ya san inda ya binne iri, ya san itacen da zuma ta sauka a kai, ya san inda ya ga sawun maciji shekaranjiya. In ya ba ku gindin mangwaro, kun yi sa'a, ba inuwar da ta kai ta. Inuwar goruba siririya ce, tana yawo, sai kun yi ta jan tabarma. Gawo yana da inuwa mai kyau, amma dabbobi suna taruwa a ƙarƙashinsa don 'ya'yansa, sai a share kashi da ƙaya a duba kaska.

Kafin rana ta yi ƙarfi, tsakanin bakwai da goma, shi ne lokacin zagaya, kuma hanyar da ta fi ita ce ka ratsa kwarin daga baki zuwa cibiya, don an jera shi zobe cikin zobe. Na waje goruba ce, mai rassa biyu-biyu, da ƙananan kaba a gindinta, waɗanda mata suke yanka su yi tabarmi da faifai da igiya. Ciki da ita dabino da lambuna, inda ƙasa take baƙa mai laushi, iska kuma take sauyawa a fatarka, ka ji danshi da ƙanshin albasa. Dabinon wannan yanki yana da wata baiwa da na Kawar da Ayar ba su da ita: wasu itatuwan suna haihuwa sau biyu a shekara, don haka kana iya ganin nono a sama a lokacin da ba ka zata ba. Gani kawai. Ko wanda ya faɗo ƙasa, a bari sai an ba ka. Gaba da lambuna sai ciyawa mai jure gishiri da kacala, sannan cibiyar, farin fili na kanwa, wani lokaci da ruwa kwance a gefe. Kanwar nan da gishirin mangul su ne suka sa ayarin jakuna da raƙuma suka yi ta zirga-zirga tsakanin Manga da Kano da sauran kasuwannin ƙasar Hausa tun kafin zuwan Turawa, kuma har yau za ka ga an kankare ta an tara tsibi-tsibi ana jiran mota.

Farin filin nan yana yaudara. Samansa ɓawo ne busasshe mai ƙara a ƙarƙashin ƙafa, ƙasansa kuwa baƙin taɓo ne mai wari, wani wurin har gwiwa ko fiye. Ka bi sawun masu aikin wurin, kada ka yanke. Ruwan da ke kwance kuma, komai zafin rana, kada a bar yara su shiga. Ruwan tafki mai ciyawa da dodon koɗi shi ne gidan tsargiya, wadda sai bayan makonni za a ga jini a fitsarin yaro a rasa daga ina.

Mai son tsuntsaye ya sami gefen kacala ya zauna shiru, rana a bayansa. Belbela da zalɓe ba sa wuyar gani. In ruwan yana da faɗi akan sami kirinjijiya, da ƙananan tsuntsayen bakin ruwa masu dogayen ƙafafu waɗanda nan da 'yan makonni za su ƙetare Sahara su koma inda suke yin ƙwai. A cikin goruba akwai kurciya da hasbiya da cilakowa. Yaran da suka zo da danƙo a karɓe shi tun a mota.

Daga sha ɗaya zuwa la'asar babu yawo. Wannan ne abin da baƙi suka fi kasa yarda da shi, su ga kamar an ɓata yini, alhali shi ne yinin. A ci abinci, a yi azahar, a miƙe ƙafa, a ɗora shayi. A share wuri har sai an ga rairayi tsantsa kafin a ajiye murhu, nesa da busasshiyar kaba, don ita kamar fetur take. A kira mai lambu ya sha na farko, mai ɗaci. In ya zauna har na uku, za ka ji tarihin kowace rijiya da shekarar da tudun gabas ya cinye gonar wansa. Yara a ba su goruba. Akan daddoka ta da dutse har ɓawon ya yi laushi, sannan a yi ta gwaguya, ɗanɗanonta kamar na alkaki mai ƙamshi, kuma ɗaya tana riƙe bakin yaro rabin sa'a. Alamar da za a sa wa ido ita ce yaro ko tsoho da ya yi shiru, ya ce kansa yana ciwo, ya daina fitsari, ko fatarsa ta yi zafi ba gumi. A kwantar da shi a inuwa, a jiƙa masa tufafi, a yi masa fifita, a ba shi ruwan gishiri da sukari. In ya fara sambatu ko ya kasa sha, a naɗe tabarma a nufi asibiti, ba a jira la'asar.

Zafi yana fito da kunama da maciji, kuma gindin kaba da tarin busassun rassan dabino su ne ɗakunansu. Kada a cusa hannu inda ido bai gani ba, a kakkaɓe takalmi bayan salla kafin a sa. Kububuwa ƙarama ce, launinta na ƙasa, ba ta gudu kamar sauran, dafinta kuma yana hana jini daskarewa. In ta sari wani, kada a tsaga, kada a tsotsa, kada a ɗaure tamau. A cire zobe ko awarwaro, a hana gaɓar motsi da ɗan itace, a ɗauke shi, kada ya taka, a kai shi asibitin Gure ko na kusa, ko da ya ce ba ya jin komai.

In za a tashi, a sayi wani abu. Mai lambu ba zai karɓi kuɗin inuwa ba, in ka miƙa ma kana iya ɓata masa rai, amma zai sayar maka da rogo da rake da tumatir da farin ciki, kuma kada ka yi masa cinikin kasuwa. Hoto, a tambaya tukuna, musamman mata a bakin rijiya. In kun tarar da makiyaya suna shayarwa, akwai layi da ƙa'ida ko da ba ka gan su ba. Ka gaishe su, ka roƙa, za su cika maka buta kafin raƙumansu.

Wanda kwari ya shiga ransa zai so ya ƙara nisa. Mafi sauƙi shi ne tafkin Gidimuni, a bakin babbar hanyar da ta haɗa Zinder da Gure, wanda aka sa cikin jerin dausayoyin duniya na yarjejeniyar Ramsar a 2019. Ba ya bukatar kat-kat, ruwansa ya fi faɗi, tsuntsayensa sun fi yawa, dokokin kuma su ne dai waɗanda na faɗa. Arewa da Gure akwai Kelle da duwatsun Kutus, inda ake kiwon jimina mai jan wuya don ceto irinta da ya kusa ƙarewa a Nijar. Wurin aiki ne, sai an nemi izini kafin a je. A cikin garin ma, hawa ɗaya daga duwatsun da ke kewaye da shi bayan la'asar yana nuna maka dalilin da ya sa sarakunan Muniyo suka zauna a nan. Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda ya kira kansa Abdulkarim, ya biyo ta Gure a Disamban 1852 a hanyarsa daga Kukawa zuwa Zinder, zamanin Muniyoma Koso.

Termit kuwa wata magana ce daban, kuma ina faɗarta ne don kada wani ya ji sunan ya ɗauka fitar Lahadi ce. Gandun Termit da Tin-Tumma, wanda gwamnati ta kafa a Maris na 2012 da faɗin kusan murabba'in kilomita 97,000, kafin a sake shata iyakarsa a 2019 saboda aikin man fetur na Agadem, yana can arewa maso gabas bayan Tasker. Can ne mafakar ƙarshe ta farar dabbar hamadar nan mai murɗaɗɗen ƙaho da Turawa suke kira addax, wadda ƙidayar da aka yi a 2016 ta tarar da uku kacal a inda aka san ɗaruruwa. Zuwa can tafiyar kwanaki ce, da izinin hukumar gandun daji da sanin jami'an tsaro, da motoci fiye da ɗaya da jagora ɗan ƙasar, kuma ba a Afrilu ba.

A kwarinmu na kusa, da ƙarfe biyar ta yi a fara naɗe kaya, don magariba tana faɗuwa wajen shida da rabi, kuma sawun da ka bi da safe ba ya ganuwa da fitilar mota. Duk tuddai kamanninsu ɗaya da dare. A kashe gawayi da ruwa, a juya, a ƙara ruwa, a taɓa da hannu. Binne shi a rairayi ba ya kashe shi, yana nan da ransa har wani yaro mara takalmi ya taka, ko iska ta tone shi ta kai cikin busasshiyar ciyawar da garke ɗari suke jira su ci kafin damina. A bi wurin a tsince leda ɗaya-ɗaya, har ƙullin da aka yaga daga bakin ledar ruwa, don akuyar mai lambu za ta haɗiye shi kafin ku kai tudu na biyu. A yi wa Baba sallama, a aika wa bulama godiya, a ƙirga yara da baki, da suna. Da kun taka kwalta, a tsaya a gefe a fito da famfo a mayar wa tayoyi iskarsu kafin a kama hanyar gari.